Ranar Da Aka Tura Keken Auwalu

Ban taɓa mantawa da ranar da Auwalu ya shigo ofishinmu da keke a kafaɗa ba. Ƙarshen damina ne, gero ya sunkuyar da kai a gonaki, sama ta wanke fes bayan ruwan safe, shuɗinta kamar sabon mayafin amarya. Ina zaune na jawo aljihun tebur rabi, ina leƙa wani littafin soyayya da na saya a tasha. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kun same ni a kujerar jami'in wasanni na ƙaramar hukumarmu, amma a lokacin mataimaki nake. Aikina bai wuce yi wa 'yan wasa rajista, da rabon riguna, da riƙe usur ranar gasa ba.

Auwalu ɗan wani ƙauye ne kusa da Tsanyawa. Koci Garba, mai horar da 'yan tseren keke na tawagar jiharmu, shi ya tsinto shi wata ranar kasuwa, yaron ya ɗora buhun albasa a bayan keken ubansa yana tsere da bas. Kocin ya bi shi har gida, ya roƙi ubansa ya ba shi shi. Cikin 'yan shekaru yaron ya zama abin nunawa a tseren gajeren zango, wanda mutum biyu ne kacal ke karawa a cikinsa.

Keken da ya ɗauko ba irin wanda kuka saba gani ba ne. Ba birki, ba ƙararrawa, ba kariyar ɗora kaya. Fedarsa a ɗaure take da tayar baya: muddin taya na juyawa, ƙafa ma sai ta juya, ba ka isa ka huta ka bar shi ya gangara da kai ba. Da yatsu biyu za ka ɗaga shi. Shi ya sa ba ya hawansa a hanyar ƙauye, sai dai ya rungume shi a cikin bas kamar jariri.

Muka gaisa, ya jingina keken, ya tsaya yana murza hula.

Ya ce, "Malam Habu, sallama nake nema."

Ga yadda ƙa'idar take. Ɗan wasa ba ya sa rigar wata jiha sai kocinsa ya sa hannu cewa ya sake shi, sannan ofishin da ya fara yi masa rajista ya buga hatimi. Kuma duk wannan sai an kammala shi kafin a rufe rajistar gasar ƙasa, wadda a shekarar ƙarshen wannan watan za a rufe. In aka rufe ba a yi ba, sai baɗi. Wata jiha ce ta ga Auwalu ta neme shi.

Na rufe aljihun tebur, na gyara zama.

Na ce, "Wace ce?"

"Wa?"

"Yarinyar mana. Ba saurayin da zai bar garinsu ana gab da girbi haka kawai. Fara ce ko wankan tarwaɗa? A wurin gasa kuka haɗu, ta miƙo maka ruwa, idanunku suka sarƙe?"

Ya yi dariya har ya dafa bango. "Malam Habu, littattafan nan sai sun gama da kai. Zo ka gan ta."

Ya zaro waya ya nuna min. Wani fili ne zagayayye, gefensa ya tashi sama kamar cikin ƙwarya, mutum biyu na zagaya shi a kishingiɗe, ka ce yanzu za su zubo. Ya ce don irin wannan fili aka ƙera kekensa, kuma tawagar da ke nemansa takan kai 'yan wasanta Abuja su yi watanni suna horo a kan irinsa. Mu kuwa a kan kwalta muke yi, muna kauce wa awaki.

Ya ɗora yatsa a kan ɗaya daga cikin mutanen biyu. "Ka ga wannan na baya? Bayahude ne. A wata ƙasa ya tashi, ya yi mata tsere tun yana yaro, daga baya ya sauya riga ya koma yi wa wata ƙasar. Ni ban ga cin amana a ciki ba. Ƙafa ba ta daɗewa da ƙarfinta, Malam. In ban hau filin nan yanzu ba, yaushe zan hau?"

Ina kallon idanunsa yana magana. Na karanta labarin irin idanun nan ba iyaka, amma ranar na gan su a fili. Ashe ban yi kuskure ba, so ne ya kama shi. Abar son ce dai ba ta sa lalle.

Washegari na tarar da Koci Garba a bakin titi yana horo, agogo rataye a wuya, tumbinsa ya riga shi fitowa daga inuwa. Tun ban buɗe baki ba ya ce, "Habu, in biro ka kawo, mayar da shi aljihu."

"Ranka ya daɗe, gaisuwa ce."

"Na amsa. Yaron nan ni na koya masa zama a kan sirdi, ni na koya masa numfashi. Ya faɗi na wanke masa ciwo da hannuna. Yanzu da ya nuna, wasu za su zo su tsinke, ni kuma in riƙe musu tsani?"

Ya juya min baya ya ci gaba da yi wa yara tsawa. Amma na lura agogon da yake dubawa bai ma kunna shi ba.

Sai na ce bari in nemi uban yaron, ko shi zai tausasa kocin. Muka shiga bas da Auwalu. Muka sami mahaifin nasa, Malam Idi, a gindin darbejiya a ƙofar gida yana wasa magirbi, dogon dattijo mai ɗan gemu fari. Aka kawo fura, na kwashe bayani na yi masa. Auwalu ya durƙusa ya miƙa masa waya, ya sake ba da labarin gwaninsa. Tsohon ya nisanta wayar da fuskarsa ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Shi wannan Bayahuden, mai gidansa na fari ya sallame shi da bakinsa?"

"Ban sani ba, Baba."

"To ka gani. Abin da ya kamata ka fara tambaya ke nan."

Ga waɗanda suka tashi a birni: a wajenmu 'ya'ya maza kan yi noma tare a gonar uba, su ci daga rumbu ɗaya, shi ake kira gandu. Yaro ba ya wayar gari ya ce ya fita. Mai gandu ne ke duba shi, in ya ga ya isa, ya sallame shi a gaban mutane. Da wannan idon Malam Idi ya kalli maganar.

Ya ce wa ɗansa, "Mutumin nan ya ɗauke ka, ya ciyar da kai, ya ɗora ka a kan ƙarfen da ko a mafarki ban taɓa gani ba. A gandunsa kake. Ko ya sa hannu a takarda, in ransa bai so ba, ban yarda ka tafi ba."

Na zo neman mai taimako, na koma da kulle biyu. A bas Auwalu ya jingina kai da taga, gonaki na wucewa kore shar.

Ba mu sani ba ashe tsohon bai gama ba. Ranar horo ta gaba sai ga shi a kan tsohon baƙin kekensa mai ƙararrawa, ya tattare babbar riga a kafaɗa. Ya sauka a gaban koci, suka gaisa, kocin ya haɗe rai yana jiran roƙo.

Malam Idi ya ce, "Ba roƙo na zo ba. Na zo in gaya maka da bakina, in ba ka so, ba inda za shi. Ɗanka ne."

Koci Garba ya shirya wa gardama, sai aka miƙo masa abin da yake nema a tafin hannu. Ya rasa inda zai sa kansa. Ya cire hula, ya mayar, ya sa aka kawo wa tsohon benci. Can ya ce, "Baba, a wurinku yaya ake gane yaro ya isa barin gandu?"

"Kowane gida da nasa. Ni dai a gidana, jera shi nake da babban wansa ranar noma, kowa da layinsa. In ya riga wan fita, ya isa."

Sai kocin ya kira Bala, kyaftin ɗin tawaga, wanda ya girmi Auwalu, cinyoyinsa kamar turmi.

Ya ce, "Ga babban wansa. Za su kara a ƙofar garinku, a gaban mutanenku. In Auwalu ya riga shi, na sa hannu. In Bala ya cinye shi, ya ƙara min shekara."

Malam Idi ya ce, "Na shaida."

Shiri ya koma kaina. Na nemi izinin dagaci, na roƙi shugaban direbobin tasha ya tsayar da motoci na ɗan lokaci. Muka zaɓi miƙaƙƙiyar kwalta da ta taso daga makarantar firamare, ta ratsa gaban tasha, ta ƙare a wata babbar tsamiya. A gindin tsamiyar aka ja layi da toka, aka ɗora wa hedimasta alƙalancin wanda ya riga. Aka sa ranar kasuwa da hantsi, don kowa ya gani.

A nan sai na yi muku bayanin yadda wannan tsere yake, don mu da ke cikin sana'ar ba mu taɓa zaton yana buƙatar bayani ba. Abokin gabar ɗan keke na farko iska ce. Wanda ke gaba shi ke keta ta da ƙirjinsa, na baya kuwa yana fake yana tara ƙarfi, sai an kusa layi ya fito ya wuce. Saboda haka ba mai son gaba. A hankali ake farawa, kowa na satar kallon ɗan'uwansa. Har yakan kai na gaba ya tsaya cik a kan keke, ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba, ko na baya zai gaji ya wuce shi. Shi ma na bayan, in ya iya, sai ya tsaya.

Ranar kuwa kasuwa ta watse ta dawo bakin titi. Masu fura sun aje ƙore, mahauta sun fito da wuƙaƙensu, yara sun ɗare bishiyoyi. 'Yan mata sun jeru da mayafai kala-kala kamar furen da ya buɗe bayan ruwa, na duba a cikinsu ko zan ga wadda ke kallon Auwalu da wata manufa, sai na ga dukkansu ne. Aka jefa ƙuri'a, gaba ta faɗa wa Bala. Na ce a raina, alhamdu lillahi, an gama rabin aiki. Koci ya hau babur don mu bi su a baya, na hau bayansa. Na busa usur.

Mutane sun ja da baya suna jiran walƙiya. Sai ga jarumai biyu da hular kwano suna rarrafe kamar masu bin gawa.

Wani mahauci ya ce, "Wannan ai jakina ya fi su sauri."

Wata tsohuwa ta ce, "Ko ba a ba su kalaci ba ne?"

Daidai gaban tasha Bala ya ƙara rage tafiya, ya karkata kan keke, ya tsaya cik. Auwalu ma ya tsaya a bayansa, ya miƙe a kan feda, ko gezau. Ni a wurina ba abin da ya kai wannan kyau: mutum biyu sun ƙame a tsakiyar titi, rana na sheƙi a kan ƙarafunansu, kowa na sauraren bugun zuciyar ɗan'uwansa. Koci ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yauwa, ɗana, haka."

Amma a gaban tasha muke. Mutanen wurin nan kowace ranar kasuwa sai sun ga bas ta mutu a daidai wannan wuri, kuma sun san maganinta. Wani kwandasta ya ɗaga murya ya ce, "Ta mutu, jama'a. A tura."

Kafin in ankara, Malam Idi ya tattare riga ya faɗo titi, kwandastoci biyu na biye da shi. Ya dafa sirdin ɗansa da hannu biyu.

Auwalu ya ce, "Baba, bari. Baba, don Allah bari."

Tsohon ya ce, "Yi shiru, ai ba abin kunya ba ne. Bismillahi."

Suka danna shi gaba da ƙarfin da suke tayar da bas mai lodin hatsi. Auwalu ya wuce Bala kamar an harba shi, kasuwa ta ɗauki shewa. Bala kuwa ba wanda ya tura shi, shi baƙo ne, kuma bai nema ba. Na ga haƙoransa sun fito, ya taka, ya manne a bayan tayar Auwalu.

A ƙa'ida, in wani ya taɓa ɗan tsere, usur ake busawa a sake daga fari. Na kai shi baki ke nan, koci ya ce, "Kar ka busa, Habu. Ina so in ga abin da zai yi."

Auwalu ya waiga sau ɗaya. Ya ga Bala a bayansa, ya ga tsamiya can nesa, nisan da ba mai hankalin da zai fara gudu daga nan. Sai ya sunkuyar da kai ya zuba duk abin da Allah Ya ba shi. Ban taɓa ganin irin wannan gudu ba. Rigarsa ta manne da ƙirjinsa, keken na kuka siririn kuka, babur ɗinmu na ƙoƙarin kamo su yana kasawa. Bala ya fito ta dama yana neman wucewa, iska ta mare shi, ya koma ya fake. Ya sake fitowa. Suka jera kafaɗa da kafaɗa, suka keta tokar tare, ta tashi ta bi su. Da yake ba birki, sai da suka yi nisa cikin gonaki kafin su iya tsayawa.

Kowa ya juya ga hedimasta. Bawan Allah ya goge tabarau, ya dubi mutanen garinsu.

Ya ce, "Baƙon ne. Da faɗin taya."

Malam Idi ya iso yana haki, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce min, "Ka gani ko, Malam? Da ban tura shi ba, da har yanzu yana can tsaye."

Ba ni da mafita, na ja shi gefe na yi masa bayanin iska da fakewa, da dalilin tsayawar. Ina magana fara'ar na sauka daga fuskarsa. Ya dubi tafin hannuwansa. Lokacin 'yan tseren suka dawo suna jan kekunansu, Auwalu ko numfashi bai gama mayarwa ba.

Tsohon ya je gaban koci, a gaban dagaci da jama'a, ya ce, "Magana ɗaya ce. An cinye shi, ya zauna. Hannuna ne ya yi ɓarna, amma ni na shaida sharaɗin, ba zan warware ba."

Na dubi Auwalu. Shekara guda ta ƙuruciyarsa ce ke shirin tafiya saboda turin da bai nema ba. Ya durƙusa a kan kwalta mai zafi, ya ce, "To, Baba."

Koci Garba ya daɗe yana kallonsa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, ya riƙe tumbi, hawaye na zuba. Ban san inda dariyar ta ƙare kukan ya fara ba, shi ma ina jin bai sani ba.

Ya ce, "Bala, faɗi gaskiya. Da daga bayanka ya fito fa?"

Bala ya ce, "Da ko ƙurarsa ban gani ba, Koci."

Kocin ya share fuska da hula. Ya ce, "Yaron da ya ja Bala tun daga tasha, iska a ƙirjinsa, aka cinye shi da faɗin taya, ba abin da ya rage in koya masa a kan wannan kwalta. In na riƙe shi, don kaina na riƙe. Jama'a ku shaida, na sallami Auwalu da zuciya ɗaya. Allah Ya yi masa albarka a duk rigar da ya sa."

Malam Idi ya ce, "Sake faɗa, na baya can ba su ji ba."

Ya sake faɗa da ƙarfi, har masu fura suka amsa da amin. Liman ya yi addu'a aka shafa. A kan sirdin babur kocin ya sa hannu, na koma ofis na buga hatimi tun kafin a rufe rajista. Bayan an shigar da gero Auwalu ya tafi. Da muka haɗu a gasar ƙasa yana sanye da rigar wasu, a cikin ƙwaryar nan da yake mafarki, muryar da ta fi ta kowa tashi a wurin ta Koci Garba ce.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. A aikinmu hatimi shi ne na ƙarshe, kuma shi ya fi komai sauƙi. Kafin takarda ta iso teburinka, akwai zukatan da sai sun saki tukuna, kuma ba a yi musu dole. Mutanenmu kuwa ba su iya tsayawa suna kallon nasu ya tsaya ba. Za su fito su tura shi, ko da turin zai kai shi inda bai so, kuma ba za ka iya jin haushinsu ba. Naka shi ne ka riga hannuwansu. Shi ya sa har yau, duk tseren da aka ba ni, kafin in busa usur sai na karɓi lasifika na ce, "Jama'a, in kun ga sun tsaya, lafiyarsu ƙalau. Don Allah kar a tura."